Mutum-mutumi na gina ɗakin laka a Suwizalan, mu muna ture namu da katafila

A birnin Bern na ƙasar Suwizalan akwai wani zagayayyen ɗaki da aka gina a 2021 a cikin wani wurin ɗaukar sauti, faɗinshi ya kusa mita 11, tsayinshi mita 5, kaurin bangon kuma santimita 15 kacal, wato dai kaurin bulo ɗan inci 6 da muke kewaye bayi da shi. Ba siminti a ciki, ba rodi, laka ce da yashi da 'yar tsakuwa. Kuma ba hannun mutum ya ɗora shi ba, wani hannun ƙarfe ne da kwamfuta ke sarrafawa, irin wanda ake haɗa motoci da shi a masana'anta, shi ya riƙa ɗaukar curin laka ɗaya bayan ɗaya yana dannawa bisa na ƙasa, curi sama da 30,000, cikin kwana 50 aka gama. 'Yan jami'ar ETH ta Zurik ne suka yi aikin, ɓangaren wasu malamai biyu Gramazio da Kohler, waɗanda tun 2005 suke fama da koya ma mutum-mutumi gini.

Toh duk wanda ya tashi cikin birnin Katsina, Yarinci ne ko Masanawa ko Gambarawa ko Rafindaɗi, in ya ga hoton bangon nan abun da zai fara faɗo mashi a rai tubali ne. Bambancin dai namu shanya shi ake ya bushe sannan a jera da kwaɓaɓɓiyar ƙasa a tsakani, nasu kuma ɗanye ake dannawa ya manne da ɗan'uwanshi. Sannan nasu a cikin wani ginin yake, ruwan sama bai taɓa shi, wannan kuwa ba ƙaramar magana bace ga wanda ya san watan Agusta a garin nan.

Ni sana'ata zanen gidaje ce, in zana ma mutum filan a kwamfuta, in bi shi fili a ja igiya, wani lokacin in riƙa leƙa ma'aikata har a kai linta. Shi yasa bidiyoyin injinan gini irin wannan ba su wuce ni, abokai ma turo mani suke a WhatsApp suna tsokana wai injiniya ga wanda zai ƙwace maku aiki nan. Ra'ayina a gajarce, hannun ƙarfen nan ba namu bane, ba yanzu ba kam. Lissafin da ke bayan hannun, shi ne ya kamata mu yi wuf da shi, kuma mafi yawanshi da laftof da wayar hannu ake yinshi.

Amma me ya kai Bature wasa da laka bayan yana da kuɗin siminti? Simintin ne ya zame masu alaƙaƙai. Duniya na yin kusan tan biliyan 4 na siminti duk shekara, kuma kafin a same shi sai an gasa dutsen farar ƙasa a zafin da ya kai digiri 1,450, shi kanshi dutsen in ya gasu iskar kabon yake saki, ban da ta gas ko gawayin da aka ƙona wajen gashin. In aka haɗa, kusan kashi 8 cikin 100 na kabon ɗin da ɗan Adam ke turawa sama daga siminti yake. Ga kuma shara, a Tarayyar Turai sama da kashi ɗaya cikin uku na duk sharar da ake fitarwa daga gine-gine da rusau take fitowa. Shi ne suka dawo suna tambayar kansu, me zai hana tun ranar da ake zana gida a yi tunanin ranar da za a kwance shi, ta yadda kayan ciki zasu koma wani ginin maimakon bola? Kuma abun da aka riga aka rusa, ya za a yi a sake gini da shi ba tare da an niƙe ko an narke ba?

Nan ne kwamfuta ta shigo. Sabon bulo duk girmansu ɗaya, birkila baya buƙatar tunani, igiya da ma'aunin ruwa sun ishe shi. Tsohon kaya kuwa kowane da kamanninshi, wannan ya gutsure, wancan ya karkace, sai an auna kowane ɗaya an nemo mashi gurbin da ya dace, kuma wannan aikin na gajiyar da mutum amma kwamfuta ko a jikinta. A Oberglatt kusa da Zurik 'yan ETH ɗin sun ɗauki motar haƙa suka sa mata kyamara da na'urar awo, ba direba, ta riƙa ɗaukar manyan duwatsu da ɓaraguzan kankaren da aka rusa, ta juya kowane ta ɗauki siffarshi, kwamfuta ta ce ga inda zai zauna daram, a haka ta jera katanga mai tsayin mita 6 da tsawon mita 65 ba ko cokali ɗaya na siminti, a 2023 suka fitar da sakamakon. Kafin nan a 2018 a garin Winterthur sun tsayar da wata rumfa da tsakuwa tan 30 da igiya kilomita 120, mutum-mutumi na shimfiɗa igiya ana zuba tsakuwa ana dannewa har ginshiƙai suka tashi suka ɗauki rufin ƙarfe, ranar da aka gama da ita igiyar aka janye tsakuwa ta zube ta koma tsakuwarta. Wasu kuma na jami'ar EPFL, ita ma a Suwizalan, a 2021 bangon kankaren wani gini suka yanka da zarto gida 25, suka jera suka yi gadar ƙafa mai tsawon mita 10.

Wallahi abun burgewa ne. Amma in ka zauna da tsofaffin magina zaka ga tsarin da ake ta kashe ma kuɗin bincike a can, a nan da shi aka gina birni sukutum. Ƙasa daga kududdufin unguwa ake haƙo ta, a zuba ruwa da ciyawa a tattake a bari ta kwana biyu ta ruɓa, a cura tubali a shanya. In soro ya tsufa ko ya faɗi, ba wanda ke kiran tifa ta kwashe, jiƙa ƙasar ake a sake tattakewa a sake curawa, bangon kakanka shi ne bangonka. Azara kuwa, wadda ake tsagowa daga giginya, gara bata cika yi mata komai ba, don haka in aka rushe ɗaki ita ake fara zarewa a jingine, har cikin rabon gado tana shiga. Maƙuba daga ɓawon ɗorawa ake samunta, bayan an cire garin an cire kalwa an yi daddawa, abun da ya rage shi ke kare bango daga ruwa. Wanda ya fi burge ni shi ne laso, simintinmu na da. Katsi ne, wato abun da ke kwantawa a gindin rijiyar marina in baba ya gama aiki, a kwaso a ƙona a daka, a haɗa da gashin jima da majema suka kankare daga fata, a zuba ruwan dafara mai yauƙi. Sharar marina da sharar majema, su ne rufin da baya zuba. Marini ya rabu da dattinshi, majemi ya rabu da nashi, magini ya samu kayan aiki, ba wanda ya rubuta takarda a kai, gari ne kawai ya tsaru a haka. Yau marinar ta ja baya, katsin ma sai an sha wuya kafin a samu, kaga sana'a ɗaya in ta mutu bata tafiya ita kaɗai.

Kuma ba za a ce ginin baya daɗewa ba. Hasumiyar Gobarau na nan tsaye, kusan mita 15, ana danganta ta da zamanin Sarki Muhammadu Korau, ɗaruruwan shekaru kenan. Tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda su Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, ginin ƙasa ce, yanzu gidan tarihi ce. Sai dai fa duk wanda ya tsaya, don ana kula da shi ne ya tsaya.

Yanzu dubi gidan da nake zana ma mutane kullum. Bulon siminti, a ɗaure da siminti, a shafe da siminti, a manna tayil da siminti, a rufe da dogon kwano, a yi silin. Ranar da aka zo faɗaɗa titi ko magada suka sayar ma mai son yin plaza, katafila ce zata ture. Me ake tsira da shi? Kwano, ƙofofi, tagogi, sai rodin da yara zasu fasa kankare da guduma su zaro su kai ma 'yan gwangwan. Bulon kam ya tashi aiki, iyakarshi ciko. Miliyoyin da aka zuba sun koma abun cike rami. Ga zafi, a watan Afrilu da Mayu da ake haura digiri 40, ɗakin bulo da kwano in ba wuta ba mai iya kwana ciki, kowa tsakar gida yake shimfiɗa, alhali zauren ƙasa mai kaurin bango da tsakar rana ma sanyi gare shi. Ga tsada, kowa ya tuna Fabrairun 2024 da buhun siminti ya haura naira 10,000 har sai da gwamnatin tarayya ta zauna da masu kamfanonin aka yi maganar 7,000 zuwa 8,000. Mu nan kuma sai tirela ta ɗauko shi tun daga Obajana a Kogi ko Kalambaina a Sakkwato, kuɗin dizal na kanmu. Da tsadar ta yi tsada sai wasu masu buga bulo suka koma ƙara yashi, ka ɗaga bulo ya marmashe maka a hannu, an bar ƙasa don neman ƙarfi an ƙare da abun da bai kai ƙasar ba.

Kar kuma a ce ina yabon da ne ido rufe. Mutane ba hauka suka yi suka bar ginin ƙasa ba. Duk shekara kafin damina sai an hau soro an yi yaɓe, an gyara indararo, in ka yi sakaci shekara biyu ruwa ya samu hanya, da dare ka ji ɗigo bisa katifa, wani lokacin rufin ya rufto gaba ɗaya. In ruwa ya kwanta a gindin bango kuwa sai dai addu'a, wanda ya ga abun da ambaliyar Jibiya ta 2018 ta yi ba sai an yi mashi bayani ba. Sannan akwai maganar ido. Wani Alhaji da na taɓa kawo ma shawarar mu yi bangon cikin gida da bulon ƙasa, kallona ya yi ya ce, "Injiniya, so kake surukaina su ce na kai 'yarsu ƙauye?" Na ce, "Alhaji ai in aka gama ba mai ganewa sai an faɗa mashi." Ya ce shi ai ya sani. Magana ta ƙare a nan, bulon siminti muka yi. Ban ga laifinshi ba, a garin nan gidan ƙasa ya zama shaidar rashi, mutum kuma baya tara kuɗi shekara da shekaru don a kira shi marar shi.

Toh firintar gini fa, wadda aka fi yaɗa bidiyonta? Inji ne mai baki yana zagayawa yana matso kwaɓi layi bisa layi kaman injin taliyar murji, har bango ya tashi. A Italiya a 2021 kamfanin WASP da mai zane Mario Cucinella sun buga wani gida da suka kira TECLA da ƙasar wurin, murabba'in mita 60, cikin awa 200. A nan Afirka kamfanin 14Trees ya buga bangon wata makaranta da aka buɗe a Malawi a 2021 cikin awa 18, ya kuma je Kilifi a Kenya da aikin gidaje 52. Amma na 14Trees kankare ne, kuma kwaɓin firinta yawanci ya fi kankaren gama-gari cin siminti don dole ya bi ta tiyo ya kuma tsaya nan take. Sannan bango kawai injin ke yi, fandisho da rufi da ƙofa da waya da famfo duk suna nan suna jiranka, duk wanda ya taɓa gini kuwa ya san ba a bango kuɗi ke ƙarewa ba.

Babban abun ma shi ne, ciwon da injin ke magani ba shi ke damunmu ba. A Suwizalan lebura tsada gare shi, birkila ma nema ake. Mu nan ka fita da sassafe ka ga matasa zaune bakin titi da shebur da diga da kwanon kankare suna jiran wanda zai ɗauka, wasu har azahar ba su samu ba. Ka kawo injin da aka saya da dala, mai son wuta tsayayya, wanda in wani ɗan ƙarfe ya lalace sai an yi odar shi daga waje, ga ƙurar hunturu na shiga ko'ina, don ya karɓe aikin waɗannan? Haba. Jami'a ko kwalejin kimiyya ta sayi ƙarami ɗaya ɗalibai su koya, wannan na yarda, har ma ina goyon baya. Amma a ce shi ne zai magance matsalar gidaje a Katsina, a'a.

Inda kwamfuta zata yi mana rana daban ne, kuma na farko a wajena rufi ne. Azara in ta wuce kusan mita 2 ba tallafi sai ta fara lanƙwasa, shi yasa magina suka ƙirƙiro bakan gizo da ɗaurin guga, suna ɗaura azara bisa azara tana fitowa kaɗan kaɗan daga bango har ta haɗe a tsakiya, da haka Babban Gwani ya rufe masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Yau giginyar ta yi ƙaranci, an sare ba a dasa ba, itace ne kuma mai daɗewa kafin ya isa tsaga. Dekin kuma rodi da siminti sun fi ƙarfin talaka. Amma akwai hanya ta uku, a ba rufin siffar da nauyi zai bi ta cikinshi ya sauka bango yana dannawa kawai ba ya ja, don ƙasa da dutse da kankare duk suna jure danni, ja ne ke karya su, rodi ma don jan ake sa shi. Nemo wannan siffar lissafi ne, kuma shi ne aikin su Farfesa Philippe Block a ETH. A 2021 sun yi gadar Striatus a Benis ta Italiya da gutsattsarin kankare 53, ba rodi ba kwaɓi a tsakani, siffar ce kawai ta riƙe su, in an gama a kwance a kai wani wuri. A wani ginin gwaji mai suna HiLo kuma sun yi dekin mai ɗan doro da haƙarƙari a ciki wanda ya rage kankare da kusan kashi 70, rodi da kusan kashi 90. Ka ji fa, kashi 90 na rodi. Ba sai da mutum-mutumi ba, in kwamfuta ta fitar da siffar, kafinta zai iya yanka falankin da za a ɗora ginin a kai, ko a kai ma masu injin yankan ƙarfe da ke fitar da zanen furanni a get, ai wannan injin ma kwamfuta ke tuƙa shi kuma ya riga ya shigo garuruwanmu, ado kawai muke yi da shi. A Barkina Faso ma tun 2000 wata ƙungiya ke koya ma magina rufin ƙasa mai doro irin na Nubiya, ba katako ba kwano, ɗaki mai faɗin kusan mita 3, ta yaɗu har Mali da Senegal da Ghana.

Sai maganar adana abun da ke kan tsofaffi. Akwai wani dattijo magini a cikin gari da nake zuwa gaidawa, na taɓa ce mashi, "Baba, wai bakan gizon nan da me kuke auna lanƙwasarshi?" Ya yi dariya ya ce, "Yaro, igiya ce da ido, sai kuma abun da ubanka ya nuna maka." 'Ya'yanshi ba wanda ya gaje shi, ɗaya na kasuwa ɗaya na acaɓa da sauransu. Idon nan in ya rufe shikenan. Alhali yanzu da wayar hannu zaka zagaye soro kana ɗaukar hotuna ta kowane gefe, manhaja ta haɗa su ta fitar maka da ginin a kwamfuta da awonshi, ka juya shi ka yanka shi ka ga kaurin bango daga gindi zuwa zanko. Cocin Notre-Dame ta Faris da ta ƙone a Afrilun 2019, wani malami Andrew Tallon ya riga ya auna ta da na'urar leza shekaru kafin gobarar, awon nan na cikin abun da ya taimaka har aka sake buɗe ta a Disambar 2024. Mu kuma zaurukan cikin birni ɗaya bayan ɗaya suke tafiya, kowace damina da nata, kowane rabon gado da nashi, ko hoto mai kyau babu. Ɗaliban da ke kwalejin kimiyya ta Hassan Usman da Jami'ar Umaru Musa da kwalejin kimiyya ta tarayya a Daura, kowace shekara neman abun yin furojet suke, ga shi nan a ƙofar gida. A auna Gobarau, a auna abun da ya rage na ganuwa, a auna sorayen Daura, a zauna da magina a naɗi bayaninsu da bakinsu.

Ƙasar kanta ma tana son lamba. Abun da ke sa injiniya gudun ginin ƙasa shi ne bai da abun da zai sa hannu a kai, siminti an rubuta ƙarfinshi a buhu, ƙasa kuwa ta Kofar Sauri daban ta hanyar Batsari daban. Magini ɗanɗanawa yake da hannu ya gane, mu sai an kai ɗakin gwaji. In da za a bi wuraren da ake haƙar jar ƙasa a gwada kowace a sa a taswira, a ce ta nan tana son yashi kaza, ta can tana son siminti kaza, da rabin gardamar ta ƙare. Don akwai bulon ƙasa na matsi, injin hannu ne aka ƙirƙiro a Kolombiya tun shekarun 1950, a zuba ƙasa mai ɗan danshi da siminti kashi 5 zuwa 8 cikin 100 a danne, ya fito da kusurwa tsaf. Cibiyar binciken gini da hanyoyi ta ƙasa, NBRRI, ta daɗe tana ƙera irin injinan nan. A yi fandisho da dutse ko kankare ya ɗago daga ƙasa, a sako baki na rufi ya kare bango, matsalar ruwan nan ta ragu sosai. Sai dai in faɗi gaskiya, da ka sa siminti a ƙasa ka rage mata wancan halin na a jiƙa a sake curawa, don haka ni a bangon ciki da ruwa baya taɓawa ban ga dalilin sa shi ba.

Wanda ke ganin kaman abun na ƙauye ne ya leƙa maƙwabta. Francis Kéré ɗan Barkina Faso da bulon ƙasa ya gina firamaren ƙauyensu Gando a 2001, a 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci kyautar Pritzker, wadda ba ta biyunta a harkar zanen gini. Kusa da mu ma, a Dandaji ta jihar Tawa a Nijar, garin Hausawa ne fa, Mariam Issoufou Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun gina sabon masallaci da bulon ƙasa na matsi a 2018, tsohon masallacin kuma maimakon a ture shi suka gyara shi ya koma ɗakin karatu, suka kira maginan gargajiya aka yi aikin tare. A jihar Tawan dai, masallacin Yama da magini Falke Barmu ya gina da ƙasa ya ci kyautar Aga Khan tun 1986. Bahaushe ne, magini ne irin su Baba, ba digiri ba kwamfuta.

Abu na ƙarshe shi ne wanda nake ganin ko gobe za a iya farawa. A Holan tun 2017 akwai wani rumbun bayanai da ake kira Madaster, ana yi ma gini rajista da duk kayan da ke cikinshi, ƙarfe nawa, katako nawa, gilashi nawa, ta yadda ranar kwancewa an san me za a samu da darajarshi. A Winterthur wasu masu zane sun ɗora benaye bisa wani tsohon gini mai suna K.118 a 2021, ƙarafunan daga wani sito da aka rusa a Basel, matakalar daga wani ofis a Zurik, tagogi daga wani wurin, suka rage kabon da kusan kashi 60. Yadda suka yi aikin ne ya juya mani tunani, sai da suka tara kayan tukuna sannan suka yi zanen ya dace da su. Mu kullum akasin haka muke, in zana taga ƙafa huɗu sannan a tafi nema. Alhali kasuwar tsofaffin kaya muna da ita, 'yan gwangwan da 'yan jari bola da masu saida tsohon kwano da ƙofofi sun fi kowa sanin inda ake rusau, abun da babu shi ne awo da amana. Mai saye bai san akwai ba, in ya sani bai san girman ba, in ya san girman bai san ingancin ba. Hoto da awo da farashi a waya, ko a guruf ɗin WhatsApp ne, ya isa a fara. Sai dai rodi kam a yi hattara, wanda aka zaro daga kankare aka miƙe da guduma ban yarda a sa shi a dekin ko ginshiƙi ba sai an gwada, a yi tagar kariya da shi ko shinge, rai ba abun wasa bane.

Kuma in ka duba yadda muke zama, ba wanda ya fi mu buƙatar gidan da ake kwancewa. Gidan Bahaushe baya gama ginuwa. Yaro ya isa aure a yanka mashi sashe, an ƙara mata a ƙara ɗaki, maigida ya rasu a raba gida a ja katanga a fasa sabuwar ƙofa, zaure ya koma shago. Duk wannan da guduma muke yinshi yanzu, kowane canji asarar bulo da siminti. Shi yasa a zanen da nake yi kwanan nan nake ƙoƙarin ware abun da ke ɗauke da nauyi daban da abun da ke raba ɗakuna, ginshiƙai su tsaya da kansu, bangon tsakani a yi shi da bulon da aka ɗaure da ƙasa ko mai shiga cikin juna wanda za a iya zarewa ɗaya ɗaya, ƙarfen rufi a ɗaure da noti maimakon walda, waya da fayif su bi inda za a iya kaiwa gare su ba sai an fasa ba. In na miƙa ma mai gida filan ina haɗa mashi da takardar kayan da suka shiga ginin da inda kowane yake, in tura mashi kwafi a waya in ce ya tura ma babban ɗanshi shi ma. Masu walda basu so, sun ce noti ɓata lokaci ne kuma ɓarayi na iya kwancewa, maganar ɓarayin kuma tana da ƙamshin gaskiya, don haka a get da tagogin waje na bar masu waldarsu.